Taura Biyu a Baki Ɗaya: Labarin Hukumar Raya Gaɓar Kogin Liffey a Dublin

Gabatarwa

A cikin watan Oktoba na shekarar 2006, wata hukumar gwamnati a birnin Dublin, babban birnin ƙasar Ayalan, ta haɗa gwiwa da wasu attajirai guda biyu suka sayi wani fili a bakin kogin Liffey a kan kuɗi Yuro miliyan 412. Girman filin bai wuce eka 25 ba, wato kowace eka ɗaya ta kama fiye da Yuro miliyan 16 ke nan. Kafin shekara biyar ta cika, da aka sake yi wa filin kuɗi, sai aka ce bai fi Yuro miliyan 45 ba. Faɗuwar kasuwa ba abin mamaki ba ce, domin kowa ya san ciniki riba da asara ne. Abin da ya sa mutanen ƙasar suka daɗe suna maganar wannan ciniki shi ne, bankin da ya ba da rancen sayen filin yana da daraktoci biyu a cikin kwamitin gudanarwar hukumar da ta shiga cinikin, ɗaya daga cikinsu ma shi ne shugaban hukumar.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana wa mai karatu irin wannan matsala, da dalilin da ya sa take yawan kunno kai a hukumomin da aka damƙa wa amanar filayen bakin ruwa. Na zaɓi labarin Dublin ne saboda an bincike shi a fili, kotu ta yi magana a kan wani ɓangarensa, majalisar ƙasar ma ta kira mutane ta yi musu tambayoyi. Saboda haka ba jita-jita za mu bi ba.

Mene ne Karon Maslaha?

Kafin a yi nisa, ya kamata mu tsayar da kalmar da za mu yi aiki da ita. Masu fassarar labarai a rediyo da jaridu ba su tsaya a kan kalma ɗaya ba. Wani ya ce son kai, wani ya ce son zuciya, wani kuma ya ce cin amana. A ganina duk waɗannan kalmomi sun yi wa abin nauyi, domin kowace daga cikinsu ta riga ta yanke wa mutum hukunci. Ni a nan zan riƙa cewa karon maslaha. Abin da nake nufi shi ne halin da mutum ke shiga idan an ba shi amanar yanke shawara a madadin jama'a, alhali yana da wata maslaha tasa, ko ta kamfaninsa, ko ta danginsa, wadda shawarar za ta shafa.

A lura da kyau: karon maslaha hali ne da mutum yake samun kansa a ciki, yana iya zama babu laifin da ya aikata tukuna. Alƙalin da aka kawo masa ƙarar ƙanensa bai ci hanci ba, bai karkatar da shari'a ba, wataƙila ma idan an bar shi zai yi adalci. Duk da haka ba a barinsa ya saurari ƙarar. Dalili na farko, shi kansa ba zai iya rantsuwa cewa jini bai ja shi ba, domin zuciya takan karkata ba tare da mai ita ya sani ba. Dalili na biyu ya fi ƙarfi: ko da ya yi adalci tsantsa, wanda aka kayar ba zai taɓa yarda ba, haka ma masu kallo. Hukuma kuwa ba ta da wani jari da ya wuce yardar jama'a.

Mu ma a nan gida dokar ba baƙuwa ba ce. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, inda aka zayyana ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikatan gwamnati, da wannan magana ya fara, cewa kada ma'aikaci ya sa kansa a inda maslaharsa za ta yi karo da aikinsa. Ita ma Ayalan tana da dokar ɗa'ar masu riƙe da muƙaman gwamnati tun 1995. Wato a lokacin da abin da za mu ba da labarinsa ya faru, ba dokar aka rasa ba.

Me Ya Sa Bakin Kogi?

Yawancin tsofaffin biranen duniya a bakin ruwa aka kafa su, kuma a da can gaɓar kogi wurin aikin ƙarfi ce. Nan jiragen ruwa ke tsayawa, nan 'yan dako ke sauke kaya, nan ake da ɗakunan ajiya da masana'antu masu hayaƙi. Masu hannu da shuni ba sa zama a wurin. Daga shekarun 1960 zuwa sama sai aka koma ɗaukar kaya a cikin kwantena. Manyan jiragen kwantena suna bukatar ruwa mai zurfi da fili mai faɗi, saboda haka tashoshi suka gusa can bakin teku, injin ɗaga kaya guda ɗaya kuma ya maye gurbin lebura masu yawa. Aka bar tsofaffin tashoshi kufai a tsakiyar gari, mutanen unguwannin da ke kewaye da su kuma babu aikin yi. Haka ya faru a Landan da Libaful, haka ya faru a Dublin.

To, irin wannan fili yana da wata siffa da ta bambanta shi da sauran. Yana kusa da tsakiyar gari, yana kallon ruwa, kuma ba a iya ƙara yawansa, domin gaɓar kogi iyakarta ke nan. Amma muddin takarda ta ce wurin na masana'anta ne, kuɗinsa kaɗan ne. Ranar da hukuma ta sa hannu ta ce an yarda a gina ofisoshi da gidaje, sai kuɗin ya ninka. Idan ta ce bene mai hawa takwas, kuɗinsa daban. Idan ta ce mai hawa goma sha biyar, kuɗin ya sake tashi, alhali ƙasar ita ce dai ba ta canza ba. Ashe ke nan dukiyar tana bakin alƙalamin wanda ke ba da izini. Duk wanda ya san abin da alƙalamin zai rubuta kafin sauran mutane su sani, ko kuma yake da hanyar karkatar da shi, to ya samu abin da ya fi rijiyar mai.

Ga kuma wani abu. Gwamnatoci kan ga cewa hukumomin birni na yau da kullum suna da jan ƙafa, sai su kafa hukuma ta musamman, su ba ta ikon tsallake wasu matakai don aiki ya yi sauri. Ingila ta yi haka a tashar Landan a 1981. Da an tashi naɗa mambobi kuma sai a ce a nemo waɗanda suka san harkar gine-gine da harkar kuɗi. Su wane ne suka san harkar? Masu gine-ginen da masu bankunan, da lauyoyinsu da akantocinsu. A ƙaramin gari irin Dublin waɗannan mutane ba su da yawa, sun san juna, suna cin abinci tare, suna bin juna bashi. Nan gizo ke saƙar. Ƙwarewar da aka naɗa mutum saboda ita, ita ce kuma ta ɗaure shi da waɗanda zai sa wa ido.

Hukumar da Mutanenta

An kafa Hukumar Raya Yankin Tashar Jiragen Ruwa ta Dublin, wadda aka fi sani da DDDA, a shekarar 1997. Ta gaji wata ƙaramar hukuma da aka kafa a 1986, wadda a ƙarƙashinta aka fara gina cibiyar hada-hadar kuɗi ta ƙasa da ƙasa a arewacin kogin. An damƙa wa sabuwar hukumar fili mai faɗin kimanin eka 1,300 a gaɓa biyu na kogin Liffey. Tana da majalisa mai wakilan unguwanni da kansiloli da sauransu, amma ainihin iko yana hannun ƙaramin kwamitin gudanarwa wanda minista ke naɗawa.

Babban makamin hukumar shi ne sashe na 25 na dokar da ta kafa ta. A sauran sassan ƙasar, mai son yin gini sai ya nemi izini daga hukumar birni, maƙwabta suna da damar kai kuka, wanda bai gamsu ba kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa hukumar ƙasa mai sauraron ƙorafin gine-gine. A yankin DDDA kuwa, idan minista ya amince da tsarin da aka zana wa wata unguwa, hukumar na iya ba mai gini takardar shaida cewa gininsa ya dace da tsarin, shi ke nan. Babu ɗaukaka ƙara, sai dai mutum ya nufi Babbar Kotu, ita kuwa hanya ce mai tsada. Har ila yau doka ta ba hukumar damar sayen fili da sayarwa da shiga haɗin gwiwa da 'yan kasuwa. Wato an haɗa mata aikin alƙalin wasa da na ɗan wasa.

Adalci ne a faɗi cewa hukumar ta yi aiki. Wanda ya san gaɓar Liffey a farkon shekarun 1990 ba zai gane ta ba bayan shekara goma sha biyar. An share gurɓatacciyar ƙasar tsohuwar masana'antar iskar gas a yankin Grand Canal, an gina gidaje da ofisoshi, an yi gadar masu tafiya da ƙafa ta Seán O'Casey a 2005, kamfanoni irin su Google suka kafa ofisoshinsu a kusa. Hukumar ta kuma sa sharaɗin cewa kashi 20 cikin ɗari na sababbin gidaje su zama na masu ƙaramin ƙarfi. Wannan nasara ce ma ta sa ba a cika yi mata tambaya ba.

Shugaban hukumar daga 1997 zuwa 2007 shi ne Lar Bradshaw, wanda ya shugabanci reshen Ayalan na kamfanin ba da shawara na McKinsey. A 1998 aka naɗa Seán FitzPatrick cikin kwamitin gudanarwa. Shi FitzPatrick shi ne manajan daraktan bankin Anglo Irish tun 1986, daga 2005 kuma ya zama shugaban kwamitin daraktocin bankin. A 2004 sai Bradshaw ma ya zama darakta a bankin na Anglo. Mai karatu ya duba wannan saƙa da kyau. A ɗakin taron hukuma Bradshaw ne shugaba, FitzPatrick mamba. A ɗakin taron banki FitzPatrick ne shugaba, Bradshaw mamba. Shi kuma bankin Anglo ba irin bankin da talaka ke ajiye albashinsa ba ne. Sana'arsa ita ce ba masu gine-gine rance, kuma da yawa daga cikin masu gini a bakin Liffey abokan cinikinsa ne. Babu wanda ya ɓoye wannan, a rubuce yake a rahotannin shekara-shekara. Lokacin kasuwa na ci ne, ana yi wa ƙasar kirari da damisar tattalin arziki, sai aka ɗauki abin a matsayin sa'a, wai hukuma ta samu ƙwararru.

Filin Masana'antar Kwalba

A unguwar Ringsend, inda Liffey ke shiga teku, akwai wata masana'antar kwalba da ta rufe a 2002. An gina ta ne a kan tsohon juji, saboda haka ƙasar na bukatar shara mai tsada kafin a gina gida a kai. Hukumar tashar jiragen ruwa ta Dublin ce mai filin, wani kamfani mai suna South Wharf kuma yana riƙe da hayarsa ta dogon lokaci. A 2006 suka daidaita suka sa shi a kasuwa.

Wani babban mai gine-gine, Bernard McNamara, ya nemi DDDA ta shiga tayin tare da shi. Aka kafa kamfani mai suna Becbay, McNamara yana da kashi 41 cikin ɗari, wani mai hada-hadar kuɗi Derek Quinlan yana da kashi 33, hukuma kuma ta ɗauki kashi 26. Hujjar da hukumar ta bayar ita ce, idan tana da kaso a filin za ta fi samun bakin cewa a gina makarantu da wuraren shaƙatawa da gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Hujjar ba ta banza ba ce, sai dai tana da rauni, domin hukumar da ke da ikon zana tsarin unguwa ba ta bukatar zuba kuɗin jama'a kafin ta gindaya sharaɗi.

Cikin 'yan makonni aka gama komai. Bankin Anglo ya ba Becbay rancen kusan Yuro miliyan 290, daga baya wani banki, AIB, ya ɗauki wani kaso na bashin. Hukuma ta zuba nata kuɗin, ta kuma tsaya wa wani ɓangare na bashin da kuɗin ruwansa. A taron da aka amince da cinikin an ta da maganar cewa wasu mambobi daraktocin bankuna ne da za su iya ba da rancen. Kwamitin ya tattauna, ya yanke cewa babu wani karo mai nauyi da zai hana su zama, aka ci gaba da taro da su.

Bari mu tsaya a nan mu auna, domin nan ne zuciyar maganar. Me hukuma ke so a irin wannan ciniki? Tana son ta saya da araha, ko ma ta fasa idan kuɗin ya yi yawa. Me banki ke so? Yana son a yi cinikin, kuma gwargwadon girman rancen, gwargwadon kuɗin ruwa da ladan da zai samu. Bugu da ƙari, banki ya fi kowa murna idan akwai hukumar gwamnati a cikin masu cin bashi, saboda gwamnati ba ta gudu, kuma wannan hukuma ita ce mai alƙalamin da zai ƙara wa filin daraja. Akwai ma na uku: idan aka sayi eka ɗaya a kan Yuro miliyan 16, duk sauran filayen yankin da aka ba banki jingina sun ƙara kuɗi a takarda. To mutum ɗaya da doka ta ɗora wa kare maslahar banki, ta kuma ɗora masa kare maslahar hukuma, yaya zai yi a wannan safiya? Bahaushe ya riga ya ce taura biyu ba ta taunuwa.

Bradshaw ya bayyana a gaban kwamitin majalisa mai bin diddigin kuɗin gwamnati a 2013, kuma bai yarda cewa ya yi ba daidai ba. Matsayinsa shi ne, darakta irinsa ba ya cikin masu yanke shawarar ba da rance a banki. Ana iya yarda da shi a kan wannan. Amma ni a ganina amsar ta kauce wa tambayar. Ba a ce shi ya sa hannu a takardar rance ba. Abin tambaya shi ne, wa ya rage a ɗakin da zai buga tebur ya ce kuɗin nan ya yi yawa, a fasa? Kwamitin gudanarwa amfaninsa ke nan, ya zama birki. Idan shugaban taro da mamban da aka fi jin maganarsa a harkar kuɗi duk sun fito daga gidan da ya yi imani cewa farashin fili ba ya faɗuwa, to birkin ya riga ya tsinke tun kafin a hau gangara, ko da kuwa babu wanda ya yi niyyar cuta.

Rahoton da Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasar ya fitar a 2012 ya nuna yadda birkin ya tsinke. Hukumar ba ta sa ƙwararru sun yi wa filin cikakken ƙiyasi a rubuce ba kafin a miƙa tayi. Sannan a wasiƙar da ta aika wa ma'aikatar da ke kula da ita, tana neman izinin cin bashi har Yuro miliyan 127, ta ambaci darajar filin a kan kimanin miliyan 220, alhali tayin da ake shiryawa ya kusa ninka wannan. Ministoci sun ba da izini bisa adadin da ba shi aka biya ba. Rahoton ya ƙiyasta asarar da hukumar ta tafka a wannan ciniki a kan kimanin Yuro miliyan 52.

Benen da Ya Tsaya a North Wall

Akwai labari na biyu, gajere, wanda ya nuna cewa karon maslaha bai tsaya ga mutum ɗaya ko biyu ba, hukuma sukutum tana iya faɗawa ciki. A 2007 DDDA ta ba kamfanin wani mai gine-gine, Liam Carroll, takardar sashe na 25 don ya gina bene mai hawa takwas a gaɓar arewa, a North Wall Quay. Wanda zai tare a benen shi ne bankin Anglo, a matsayin sabuwar hedikwatarsa. Wani abokin hamayyarsa a sana'a mai fili a maƙwabtaka, Seán Dunne, ya kai ƙara. A kotu ne ya fito fili cewa kafin a ba da takardar, ma'aikatan hukumar sun ƙulla yarjejeniyar sirri da kamfanin: kamfani zai ba hukuma wani yanki na fili kyauta don a yi wurin shaƙatawa, su kuma za su ba kwamiti shawarar ya amince. A watan Oktoba na 2008 Mai Shari'a Mary Finlay Geoghegan ta soke takardar. Ta ce hukumar ta wuce ikonta, kuma yarjejeniyar ta isa ta sa mai hankali ya yi zargin an nuna son kai.

Abin lura shi ne, filin da aka karɓa na jama'a ne, ba aljihun wani ya shiga ba. Duk da haka kotu ba ta ɗaga ƙafa ba, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai ba da izini da ya karɓi wani abu daga hannun mai neman izini ya riga ya ɗaure kansa.

Rugujewa

A ƙarshen 2008 kasuwar gidaje ta Ayalan ta durƙushe. A watan Disamba FitzPatrick ya sauka daga shugabancin Anglo bayan da ta bayyana cewa ya yi shekaru yana kwashe bashin da bankin ke binsa, wanda ya kai Yuro miliyan 87, zuwa wata cibiyar kuɗi a ƙarshen kowace shekara don kada ya fito a littafin bankin. Bradshaw ma ya sauka, domin akwai wani rance da suka ci tare. Wanda ya gaji FitzPatrick a bankin shi ne Donal O'Connor, kuma abin dariya abin takaici, shi ne mutumin da ya gaji Bradshaw a shugabancin DDDA a 2007. Sai da ya ajiye kujerar hukumar. A watan Janairu na 2009 gwamnati ta karɓe bankin, kuma ceto shi ya ci wa masu biyan haraji kimanin Yuro biliyan 29.

A 2009 aka naɗa Farfesa Niamh Brennan ta Jami'ar UCD, masaniyar harkar tafiyar da kamfanoni, ta shugabanci hukumar. Ta sa an binciki yadda ake ba da izinin gini da yadda ake kashe kuɗi, kuma ta faɗa a fili cewa alaƙar hukumar da bankin Anglo ba ta haifar mata da ɗa mai ido ba. A 2012, da rahoton Mai Binciken Kuɗi ya fito, gwamnati ta ba da sanarwar za ta rushe hukumar. An rushe ta a 2016, aikinta ya koma hannun hukumar birnin Dublin.

Dole a faɗi wani abu a nan don kada a zalunci kowa. Babu wanda kotu ta samu da laifi a kan cinikin filin kwalba. An gurfanar da FitzPatrick a kan wasu al'amuran banki, aka wanke shi a 2014, aka sake sallamarsa a 2017, ya rasu a 2021. Shi ya sa tun farko na guji kalmar cin amana. Ana iya yin asarar miliyoyi, a rasa yardar jama'a, hukuma ta mutu, ba tare da an kama ɓarawo ko ɗaya ba.

Shin Bayyanawa Kaɗai Ta Isa?

Maganin da aka fi ambata shi ne mamba ya bayyana maslaharsa. Yana da amfani, amma labarin Dublin ya nuna iyakarsa, tunda an bayyana ɗin. Matsalar ita ce, su wa aka bar wa hukuncin ko karon yana da nauyi? Abokan zaman mutumin ne, a taron da shi yake jagoranta, a lokacin da ake gaggawar miƙa tayi. Wane mamba ne zai dubi shugabansa ya ce masa ranka ya daɗe, tashi ka fita? Kunya kaɗai ta isa ta rufe bakin mutum. Ya kamata a ce wannan hukunci yana hannun wani na waje, ko kuma ƙa'ida ta yanke shi tun kafin ranar, yadda ba sai an yi muhawara ba.

Mataki na gaba shi ne mamba ya fita daga ɗakin, kada a ba shi takardun, kada ya yi ƙuri'a. Wannan yana aiki idan karon na sau ɗaya ne, kamar a ce filin surukin mamba ne ya zo gaban kwamiti. Amma idan bankin mutum yana da hannu a babban ɓangare na gine-ginen yankin, sau nawa zai fita? Idan zai fita a duk muhimmin taro, to me aka naɗa shi ya yi? Idan kuma ya zauna, an koma gidan jiya. A irin wannan hali kuskuren na wanda ya yi naɗin ne, kuma gyaransa shi ne kada a naɗa. Masu cewa ai sai da ƙwararru suna da gaskiya, sai dai ana iya ɗaukar ƙwararre haya ya ba da shawara ya tafi, ba sai an ba shi ƙuri'a ba.

Wanda ya fi duka wuya shi ne raba alƙalami da jaka. Tun ranar da DDDA ta mallaki kashi 26 na filin kwalba, duk wani tsarin da za ta zana wa yankin Poolbeg ya zama abin zargi, domin kowane hawa da ta ƙara wa bene ƙari ne a aljihunta da na abokan cinikinta. Ta fitar da daftarin tsarin yankin, amma bai kai ga samun amincewa ba.

Shi kuwa benen North Wall ya yi shekaru tsaye, ƙwarangwal ɗin kankare babu tagogi, 'yan jaridun duniya suna zuwa suna ɗaukar hotonsa. A 2012 Babban Bankin Ayalan, wanda shi ne aka ɗora wa sa ido a kan Anglo tun farko, ya saye shi a kan kimanin Yuro miliyan 7, ya ƙarasa shi, ya tare a 2017. Bashin filin kwalba ya koma hannun NAMA, hukumar da aka kafa a 2009 don karɓar rubabbun basussukan bankuna. Mutanen Ringsend suka yi ta fafutukar a ware wa 'ya'yansu gidajen da za su iya biya. A 2019 aka amince da tsarin gina gidaje kimanin 3,500 a wurin, a 2020 NAMA ta zaɓi wasu 'yan kasuwa su sayi kashi 80 cikin ɗari na aikin a kan kusan Yuro miliyan 200. Sai bayan nan aka fara aza harsashi, kusan shekara ashirin da rufe masana'antar kwalbar.